Yadda Ake Cin Bashin Banki Ko Jinginar Da Gida Ba Tare Da An Yi Maka Gwanjonsa Ba

Assalamu alaikum jama'a. Bashi hanji ne yana cikin kowa, wannan kam an sani, to amma wanda ka karɓa a hannun maƙwabcinka daban, wanda ka sa wa hannu a banki daban. Maƙwabci in ka kasa biya za a je wurin mai unguwa ko liman a ba shi haƙuri ya ƙara maka wata biyu, shi kuwa banki takarda ya sani, ranar da magana ta kai gaban alƙali ba wanda zai tambayi abin da manaja ya faɗa maka da baki a ofis yana ta murmushi, abin da ke rubuce shi za a buɗe. Abin da ke damuna wallahi shi ne da yawan mutanenmu da ake yi wa gwanjon gida ko ake kwashe musu albashi suna da haƙƙi a doka, sai dai ba su sani ba har lokaci ya ƙure. Shi ya sa na ce bari in bi abin daki-daki, tun kafin ka taka ƙofar banki har zuwa ranar da, Allah ya kiyaye, aka turo maka takardar gargaɗi.

Mataki na farko, ka duba wace irin takarda gidanka yake da ita

Tun 1978 da aka yi Dokar Amfani da Ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kai abin da kake da shi izinin zama ne da amfani, yawanci na shekara 99, kuma shaidarsa ita ce satifiket ɗin nan da ake kira C of O. A Abuja ministan birnin tarayya ne ke madadin gwamna. Filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izininsu.

To ga inda matsalar take. Da yawan gidajen cikin gari da unguwannin awon igiya abin da mai gida ke riƙe da shi takardar ciniki ce, wadda aka rubuta a fallen takarda, mai saye da mai sayarwa da shaidu biyu suka sa hannu, mai unguwa ko dagaci ya buga hatimi, an ninke ta an sa a leda tana ƙasan akwatin uwargida shekara talatin. Takardar nan tana da amfaninta, kar ka yar da ita, amma banki ba zai karɓe ta jingina ba. Sai ka je hukumar filaye ta jiharka, a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS, ka buɗe fayil a turo safiyo a auna a fitar maka da satifiket da sunanka. Ka fara wannan tun da wuri don yana cin lokaci, kuma ka biya kuɗin ƙasa na shekara-shekara da ake binka, don ba za su taɓa fayil ɗin da ake bi bashi ba.

In kuma gidan za ka saya ne da kuɗin bashin, dan Allah kar ka ba da ko kafin alƙalami sai lauyanka ya je ya binciki fayil ɗin a hukumar. A nan ne ake gane ko mai sayarwar shi ne mai shi, ko an riga an jinginar da gidan a wani bankin, ko gwamnati ta soke izinin wurin za a fitar da hanya. Dillali la'adarsa yake nema, zai rantse maka takarda lafiya lau, shi kansa bai taɓa ganin fayil ɗin ba.

Sai gidan gado, wannan shi ne ya fi raba zumunci. Babban wa ya ɗauki satifiket ɗin marigayi ya kai banki ba da sanin ƙannensa mata ba, kasuwa ta karye, sai dai kawai iyali su ga an manna takarda a ƙofar gida. In gida na magada ne a fara raba gado a kotu a samu takardar hukunci, ko dai duk magadan su yarda a rubuce, kuma su fahimci cewa yardar nan tana nufin in an kasa biya kason kowa ya tafi.

Mataki na biyu, ka zaɓi ƙofar da za ka shiga

Ba duk bashin gida ne ɗaya ba, tazarar ma tana da girma sosai. In kai ma'aikaci ne duba takardar albashinka za ka ga ana cire maka kashi 2.5 cikin 100 da sunan NHF, wato asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 wanda bankin jinginar gidaje na tarayya FMBN ke riƙe da shi. Mutane da yawa ana cire musu shekara da shekaru ba su taɓa tambayar lambarsu ba ma. Wanda ya yi wata shida yana zubi ya cancanci nema, kuɗin ruwan kashi 6 ne a shekara, wa'adi yana kaiwa shekara 30 gwargwadon shekarunka da abin da ya rage maka na aiki, kuma ba kai tsaye ake zuwa ba, ta hannun bankunan jinginar gidaje masu lasisi ake bi. Tun 2023 an gyara dokar, ma'aikacin kamfani mai zaman kansa ba dole ba ne ya yi zubin, sai in ya ga dama.

Ga lissafi ka gani da idonka. Naira miliyan 10 a kan kashi 6 na shekara 20, duk wata za ka riƙa biyan wajen 71,600. Wannan miliyan 10 ɗin dai a bankin kasuwanci a kan kashi 25, wata zai kama kusan 210,000, kuma kusan dukkansa ruwa ne a shekarun farko, uwar kuɗin tana nan zaune ba ta motsa ba. Ƙa'idar da masu ba da bashin gida ke bi ita ce abin da za ka biya kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu a wata, ni kuwa shawarata ko sun yarda su wuce haka kai kar ka yarda, don ga kuɗin makaranta ga asibiti ga abinci da kullum farashi sama yake yi.

In kafin alƙalamin ne ya gagare ka, tun 2022 hukumar fansho PenCom ta ba da dama mutum ya ciri har kashi 25 na abin da ke asusun fanshonsa ya biya shi, muddin ya yi wata 60 ana zuba masa.

Wanda kuma ba ya son ya kusanci riba, kuma yana da gaskiya, akwai bankunan da ba ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Su ciniki suke yi, ko su sayi kadarar su sayar maka da riba sananniya ka biya kaɗan-kaɗan wato murabaha, ko ijara wato haya, ko ku yi tarayya a gidan kana sayen kasonsu a hankali kana biyan hayar abin da ya rage. Amma ka sani fa malam, su ma jingina suke karɓa, su ma dokar ƙasa ɗaya ce ke kansu, in ka daina biya su ma za su nemi kuɗin masu ajiya. Ganin an rubuta bismillah a saman fom ba ya ɗauke maka karanta fom ɗin.

Mataki na uku, takardar tayi, a nan ake cin mutum ko ya tsira

In banki ya amince zai ba ka takardar tayi mai shafuka da yawa da ƙananan rubutu, jami'in zai nuna maka inda aka sa alamar fensir ya ce sa hannu nan da nan da nan. Kar ka sa a ranar. Ka ce za ka tafi da ita gida, haƙƙinka ne, ƙa'idojin kare masu hulɗa da banki da babban bankin Najeriya CBN ya fitar a 2019 sun wajabta musu su bayyana maka komai a fili kafin ka sa hannu, su kuma ba ka kwafi. Ka kai wa lauya naka na kanka, don lauyan banki bankin yake yi wa aiki ko da kuwa kuɗinsa daga aljihunka za a cire. In ba ka jin Turanci ko ba ka karatun boko kar ka ji kunya, doka ta tanadi a karanta maka a fassara maka da harshen da kake ji, a rubuta sunan wanda ya fassara a jikin takardar.

Abu na farko da za ka tambaya, ruwan nan a kan me ake lissafa shi, a kan dukkan kuɗin daga farko har ƙarshe ko a kan abin da ya rage. Wannan tambayar ita ce ƙananan bankuna da masu bashin albashi ba sa so. Za a ce maka kashi 3 ne kacal a wata, ka karɓi miliyan 1 na shekara guda, ruwa 360,000, kai kana ganin kashi 36 kenan. Alhali kana biya uwar kuɗin tana raguwa amma su suna ci gaba da lissafi kamar miliyan ɗin tana hannunka cif, in aka yi lissafin gaskiya ya haura kashi 60 a shekara. Ka ce su buga maka jadawalin biya wata-wata, nawa ne uwa nawa ne ruwa, da jimillar abin da za ka biya in ka gama.

Na biyu caje-caje. CBN yana da jagorar caje-cajen banki, wadda aka fara aiki da ita a 2020 ta ce kuɗin gudanar da bashi kar ya wuce kashi 1, tarar jinkiri ma kar ta wuce kashi 1 a wata a kan abin da aka kasa biya, kuma sai bayan kwana bakwai da wucewar ranar biya. In za su canza kuɗin ruwa sai sun sanar da kai kwanakin aiki goma kafin nan. Ka duba ko ruwan tsayayye ne ko mai hawa da sauka, don galibin na bankunan kasuwanci duk sanda CBN ya ɗaga nasa kai ma sai naka ya tashi. Ka duba kuma in ka samu kuɗi kana son ka biya duka kafin wa'adi, akwai tara ko babu.

Na uku akwai wani sharaɗi da ake cusawa wanda ke cewa gidan ya tsaya jingina ga duk wani kuɗi da bankin ke binka yanzu ko nan gaba. Ma'ana ka gama biyan bashin gida tas, amma akwai wani bashin kasuwanci ko wani wanda ka tsaya wa, to ba za su saki satifiket ɗinka ba. Ka sa lauya ya nemi a taƙaita shi ga wannan bashin kaɗai.

Na huɗu GSI, wato izinin da kake ba banki ya karɓo bashinsa daga sauran asusunka. Tun 1 ga Agusta 2020 in ka sa hannu a wannan izinin kuma ka kasa biya, banki zai bi lambar BVN ɗinka ya kwashi kuɗinsa daga duk wani asusu naka a kowane banki, har da na haɗin gwiwa. Zamanin a ci bashi a nan a mayar da albashi can ya wuce. Amma uwar kuɗi da ruwa kawai aka yarda su ɗauka ta wannan hanyar, banda tara, in sun wuce haka kana da ƙorafi.

Sai inshora ko takaful wato inshorar Musulunci, ta gobara da ta rai. Kar ka ga kamar ɓarnar kuɗi ce, ita ce ke hana a kori marayu daga gida in mai bashin ya rasu. Ka karɓi kwafin takardar ka nuna wa iyalinka inda ka ajiye.

Mataki na huɗu, sa hannun gwamna da rajista

Sashe na 22 na dokar 1978 ya ce ba a jinginar da fili mai satifiket sai da amincewar gwamna, sashe na 26 ya ce abin da aka yi ba da ita ba ɓatacce ne. Akwai shari'ar da kowane ɗalibin lauya ya sani, ta bankin Savannah da Ajilo, inda Kotun Ƙoli a 1989 ta hana banki sayar da gida saboda ba a nemi amincewar ba. Amma kar wani ya ɗauka ya samu mafaka, kotuna daga baya sun nuna ba sa son mutum ya ci kuɗi sannan ya fake da abin da shi ne ya kamata ya nemo, kuma ko jinginar ta ɓaci bashin yana nan a wuyanka. A aikace bankin ne ke bin takardun ya cire kuɗin hatimi da na rajista daga wurinka, to ka nemi rasit na kowanne.

Ka san kuma bambancin nan. In satifiket kawai ka ajiye musu ba a yi cikakkiyar takardar jingina ba, ba su da ikon sayarwa sai sun je kotu. In kuwa an yi cikakkiya an yi rajista, suna iya sayarwa ba tare da sun je kotu ba. Shi ya sa wasu bankunan ke sa mutum ya sa hannu a takardar tun farko su ajiye, ranar da ta ɓaci su je su kammala. Komai za a ce maka, kar ka sa hannu a takardar da aka bar gurbin adadi ko kwanan wata a buɗe.

Mataki na biyar, in an ce ka zo ka tsaya wa wani

Garanto ba shaida ba ne ɗan'uwa, garanto mai biya ne. Yawancin fom ɗin an rubuta shi ta yadda banki zai iya tsallake wanda ya ci kuɗin ya zo kanka kai tsaye. In kunya ta hana ka cewa a'a, to aƙalla a rubuta iya adadin da ka tsaya a kai da kuma wa'adi, kuma ka sa a ranka kuɗin nan kai za ka biya, in ba za ka iya ba ka ba shi haƙuri tun yanzu. Mata musamman, 'yar'uwa, gidan da kika gada ko kika saya da guminki naki ne a shari'a da doka, ba wanda ya isa ya kai takardarsa banki sai da yardarki, ko da mai gida ne.

Mataki na shida, in biya ya fara gagara

Babban kuskure shi ne kashe waya. Mutum ya ga lambar banki gabansa ya faɗi ya ƙi ɗauka, wasiƙa ta zo ya ce a ce ba ya nan, shi kuwa ruwa da tara suna ta hawa, kuma kowace wasiƙar da aka kawo hujja ce ake tara masa. Tun wata na farko da ka ga alamar ba za ka iya ba, rubuta wasiƙa zuwa ga manajan reshe, ka faɗi dalili, aiki ne aka rasa ko shago ya ƙone ko albashi ya maƙale, ka nemi a tsawaita wa'adi ko a ɗaga maka ƙafa na wasu watanni ko a yafe tara. Ka yi kwafi biyu, su buga hatimi da kwanan wata a naka ka dawo da shi gida. Ka ci gaba da zuba abin da ya sawwaƙa ta asusu, kar ka damƙa wa wani jami'i kuɗi a hannu. Ka nemi cikakken sitatimen daga ranar farko ka ba akanta ya duba, sau da yawa ana samun cajin da ya wuce ƙa'ida, kuma dole su mayar da shi.

Game da sayar da gida kuma, a yawancin jihohin Arewa har yau tsohuwar dokar Ingila ta 1881 ake bi. Ta ce banki ba zai sayar ba sai ɗaya cikin uku ya faru, ko an ba ka sanarwa a rubuce ka yi wata uku ba ka biya ba, ko ruwa ya taru na wata biyu, ko ka saɓa wani sharaɗi na yarjejeniyar. Sai dai bankuna kan rage wannan wa'adin a cikin takardar da ka sa wa hannu, kaga amfanin mataki na uku kenan. Ƙa'idojin CBN na 2019 sun ƙara da cewa sayar da jingina shi ne matakin ƙarshe bayan an gwada sulhu, kuma a ba ka damar kwana 30 ka nemo mai saye da kanka.

In har ta tabbata ba mafita, gaskiya gara ka karɓi damar nan ka sayar da hannunka, duk da na san da ciwo. Farashin gwanjo ba ya taɓa kai na kasuwa, masu jiran irin wannan ranar suna nan da kuɗinsu a hannu. In kuma su suka sayar, doka ta ce su cire kuɗin hidimar sayarwa, su cire bashinsu, ragowar taka ce sai sun ba ka, kuma ka nemi bayanin cinikin a rubuce. In kuɗin bai kai ba za su ci gaba da binka cikon. Kotu ba ta rushe ciniki don kawai farashi ya yi ƙasa, amma in an haɗa baki, ko banki ya sayar wa kansa ko wani nasa ta bayan fage, ana rushewa. Kuma har zuwa lokacin da aka ƙulla ciniki kana da ikon ka biya ka fanshi gidanka. In za ka je kotu neman a dakatar, ka je kafin a sayar, kuma ka shirya don sau da yawa alƙali zai ce ka ajiye kuɗin da ake binka tukuna.

Masu Adaidaita Sahu da motocin haya da aka ba su a kan biya kaɗan-kaɗan, ku ma akwai dokar 1965 da ta ce in ka biya kashi uku cikin biyar na kuɗin abin hawa mai shi ba zai ƙwace ya sayar haka kawai ba sai ta hanyar kotu. Ku riƙa karɓar rasit a kowane balas.

Mataki na bakwai, bashi ba laifi ba ne da za a kulle ka

Wannan a faɗa da ƙarfi. Dokar 'yan sanda ta 2020 sashe na 32 da dokar shari'ar laifuka ta 2015 sashe na 8 duk sun hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya, dokokin biyu sun kuma hana a kama matarka ko ɗanka ko ƙaninka a madadinka. Kotuna sun sha faɗa cewa karɓo bashi ba aikin ɗan sanda ba ne. In aka tsare ka a caji ofis aka ce sai ka rubuta alƙawarin biya kafin beli, lauya zai iya shigar da ƙarar take haƙƙi har a biya ka diyya, wanda ba shi da halin lauya ya nemi ofishin Legal Aid na jiharsa, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta.

Amma akwai inda bashi ke komawa laifi. In ka ba da takardar bogi, ko ka sayar da abin da ka jinginar a ɓoye, ko ka ba da cek ka san ba kuɗi a asusun, wannan na ƙarshen dokar 1977 ta sa masa ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara. Shi ya sa masu ba da bashi ke son ka bar musu cek mai kwanan wata na gaba, ka yi tunani sosai kafin ka bayar.

Kai kuma da kake bin wani, hanyarka kotu ce. A Kano tun 2019 akwai kotun ƙananan basuka, ba sai da lauya ba, fom za ka cika, an tsara a gama cikin kwana 60. Ga kotunan shari'ar Musulunci, ga zauren sulhu.

Mataki na takwas, bashin manhajar waya

Ka nemi 20,000 su turo maka 14,000 su ce ka biya 20,000 nan da kwana bakwai. Rana ta takwas surukarka da shugabanka a wurin aiki da malamin Islamiyyar yaranka duk sun samu saƙo da hotonka an rubuta ɓarawo ne ana nemansa, wasu har sanarwar rasuwa suke haɗa wa mutum yana raye. Akwai waɗanda wannan tozarcin ya kashe wa aure, wasu ya kwantar da su a asibiti, a kan kuɗin da bai kai buhun masara ba.

Wannan haramun ne a doka. A 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa NITDA ta ci tarar wani kamfanin irin wannan naira miliyan 10, a Maris 2022 hukumar kare masu saye FCCPC ta kai samame ofisoshinsu a Legas, daga nan ta wajabta musu rajista, a 2023 Google ya hana su shiga lambobin waya da hotunan mutane, a shekarar kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a aka kafa hukumar NDPC. Saboda haka kafin ka sauke kowace manhaja ka duba sunanta a jerin waɗanda FCCPC ta amince da su, wadda aka turo maka ta WhatsApp ba ta cikin shagon Google ka guje ta, in ta nemi izinin shiga lambobinka ka ƙi. In kuma ka riga ka faɗa, ka ɗauki hoton kowane saƙo da lambar da aka turo shi da kwanan wata, waɗanda aka tura wa su ma su turo maka nasu, ka kai wa FCCPC da NDPC. Ka riga su sanar da danginka da bakinka, da zarar mutanenka sun ji daga gare ka barazanar ta rage ƙarfi. Ka biya abin da ka ci don haƙƙi ne, amma kar ka ci na wata manhajar don ka biya wannan, ta haka ne mutum ke wayar gari guda goma na binsa.

Mataki na tara, inda ake kai kuka

Ka fara da bankin a rubuce, su ba ka lambar ƙorafi. In mako biyu ya wuce ba su warware ba, ko kwana 30 in maganar bashi ce ko cajin da ya wuce kima, sai ka rubuta wa sashen kare masu hulɗa da bankuna na CBN, ana iya miƙawa a reshensu na jiharka. Ka sa sunan bankin, lambar ƙorafin, adadin kuɗin, abin da kake so a yi maka, da kwafin duk takardun, banda lambar sirrinka. Ka ambata in suna kiranka tsakanin ƙarfe 9 na dare da 8 na safe ko suna bin 'yan'uwanka da maganar bashin, don ƙa'idar ta hana.

Mataki na goma, bayan ka gama biya

Alat ɗin ƙarshe ba shi ne ƙarshen aiki ba. Ka karɓi wasiƙar da ke cewa ba a binka komai, ka karɓi satifiket ɗinka na asali ka duba shafi-shafi, sannan banki ya yi maka takardar sakin jingina ka kai hukumar filaye a yi mata rajista, in ba haka ba fayil ɗin zai ci gaba da nuna gidan a jingine yake, sai ranar da 'ya'yanka suka zo sayarwa ko rabon gado a fara neman bankin da wataƙila ya rushe ko an haɗe shi da wani. In da abin da ka jinginar mota ce ko injin ko kayan shago, a cire sunansa daga rajistar jingina ta ƙasa da dokar 2017 ta tanada.

Bayan wata ɗaya ko biyu ka nemi rahoton bashinka daga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, CRC ko FirstCentral ko CreditRegistry, doka ta ba ka guda ɗaya kyauta a shekara. In har yanzu sunanka na cikin masu taurin bashi ka rubuta musu ka haɗa da wasiƙar bankin, su gyara, don da wannan rahoton ne kowane banki zai auna ka in ka sake zuwa nema.